Faten Tuffa

Tuffa tana cikin 'ya'yan itatuwan ƙasashen sanyi. Asalinta daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen ƙasar Kazakistan. Daga can ta bazu zuwa Turai, sa'an nan Turawa suka ƙetare teku da ita zuwa Amurka. Itacenta ba ya 'ya'ya sosai sai ya sha sanyi mai tsawo. Saboda haka ba a cika ganinsa a gonakinmu ba, sai ɗan abin da ake nomawa a tudun Jos.

A Turai da Amurka tuffa takan nuna a watan Satumba da Oktoba. A lokacin nan sai ta yi yawa, har mai itace ɗaya ya rasa yadda zai yi da ita, kamar yadda mukan yi da mangwaro in ya kama. Ga hunturu kuwa yana tafe, lokacin da ƙanƙara ke rufe ƙasa, itatuwa su kaɗe sarai. In an bar tuffar nan, wadda ta bugu za ta ruɓe, ta ɓata 'yan'uwanta. Don gudun wannan hasara mutanen can suke dafa ta, su yi wani abinci mai laushi kamar faten kabewa. Shi muke kira faten tuffa.

Ga yadda ake yinsa. A sami tuffa 6, a wanke su da ruwa mai tsabta. A feraye ɓawon, a raba kowace gida 4, a cire ƙwayoyin ciki, gama suna da ɗaci, ba a cin su. Sa'an nan a yanyanka ƙanana. Aikin wuƙa da na wuta na manya ne, yaro sai ya taya da wanki da miƙo kaya.

Ku lura, in an yanka tuffa aka bar ta, ba da jimawa ba sai farin cikinta ya rine, ya koma ja-ja, kamar goron da aka ɓare. Iska ce take haɗuwa da wani sinadari da ke cikinta. In an matsa mata ruwan lemon tsami kaɗan, sai ta daɗe da haskenta.

To, sai a zuba a tukunya, a sa ruwa rabin kofi kawai. Kada a cika ruwa, gama tuffa kanta yawancinta ruwa ne, da ta ji zafi za ta sake shi. A rufe tukunya, a rage wuta, a riƙa motsawa don kada ƙasan ya kama. Bayan minti 15 ko 20 za ta yi luguf. Sai a sauke, a farfasa da ludayi, ko a tace da rariya in ana so ya yi sumul. A ɗanɗana tukuna. In da tsami, a sa sukari ko zuma kaɗan. Waɗansu sukan barbaɗa garin kirfa don ƙanshi.

A ƙasar Jamus ana cin faten nan da wainar dankali. A Holan kuwa yara suna cinsa da soyayyen dankali da naman kaza.

Faten da aka sa a firji ba ya wuce 'yan kwanaki. Wanda za a ajiye don hunturu, sai a zuba shi da zafinsa cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a tafasa kwalbar cikin ruwa. Wani Bafaranshe mai yin alewa, sunansa Nicolas Appert, shi ya bayyana dabarar nan cikin littafinsa a shekarar 1810. Daga baya masanin nan Louis Pasteur ya nuna dalili: zafi yana kashe ƙwayoyin halitta masu ruɓar da abinci, murfi kuma yana hana waɗansu shiga. In an yi shi daidai, yakan kai shekara bai lalace ba. Amma in kun ga murfi ya kumbura, ko fumfuna ta fito, kada ku ɗanɗana, a zubar.

Tambayoyi

1. Don me ba a cika noma tuffa a ƙasarmu ba?
2. Me ke sa tuffa ta rine in an yanka ta?
3. Ta yaya ake adana tumatir da kuɓewa a gidanku?