Fasa Ƙwayar Zarra da Haɗa Ta: Mene Ne Bambancin?

Ta hanya biyu ake samun makamashin nukiliya: ko a fasa ƙwayar zarra mai nauyi, ko a haɗa marasa nauyi su dunƙule.

Fasawa ita ce wadda ɗan Adam ya laƙanta. Ana harbin cibiyar zarrar yuraniyom, ma'adinin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, da ƙwayar niyutiron. Sai ta rabe biyu, ta saki zafi da wasu ƙwayoyin da za su fasa maƙwabtanta. Haka na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take aiki tun 2004. Illar fasawa ita ce sharar da ke shafe dubban shekaru da gubarta.

Haɗawa kuwa aikin rana ne. A tsakiyarta, inda zafi ya kai kusan digiri miliyan 15, haidurojin ke curewa ya zama hiliyom. Daga nan hasken da ke kunna famfunan sola na manoman rani a fadamun Kafin Hausa da Haɗeja yake fitowa.

Sharar haɗawa kaɗan ce, sai dai tsare irin wannan zafi a doron ƙasa jan aiki ne. A Disamban 2022, masana a Livermore ta Amurka sun yi gwajin haɗawa da hasken leza, suka samu makamashin da ya zarce wanda hasken ya zuba, amma har yanzu babu tashar da ke sayar da lantarki ta wannan hanya.