Kalandar Karatu da Koyar da Hausa a Makarantun Rikkos

Idan masu tsara manhaja suka zauna raba darussan Hausa mako-mako, sukan ɗauka cewa duk makonnin shekara darajarsu ɗaya. A wannan sashe za mu nuna cewa ba haka abin yake ba, ta hanyar duba makarantun gwamnati na Rikkos, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa cikin Jihar Filato, da na ƙauyukan da ke kewaye da Jos.

Shekarar karatu a nan, kamar a yawancin sassan Nijeriya, tana farawa cikin Satumba ta ƙare cikin Yuli, kuma an kasa ta zango uku. Hutun farko yana zuwa da Kirsimeti, na biyu kusa da Ista, sai dogon hutu a tsakiyar damina. Zango yakan kai kimanin mako 13 a takarda. Amma kowane malami ya san makon farko na shara ne da rajista, biyun ƙarshe kuwa na bita da jarrabawa. Ke nan abin da ya rage na koyarwa bai wuce mako 10 ba, idan babu abin da ya gitta.

A Rikkos kuwa abu yakan gitta, domin iyaye da yara suna rayuwa ne da kalanda fiye da ɗaya. Akwai Musulmi da yawa a unguwar, Hausawa da Fulani da sauransu, ga kuma maƙwabtansu Afizere da Anaguta da Berom, waɗanda akasarinsu Kirista ne. Bukukuwan Kirista ba su cika cin lokacin karatu ba, tun da a kansu aka ɗora hutun. Na Musulmi kuwa suna yawo. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka sai azumi ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. A 2012 an ɗauki azumi cikin Yuli, dab da dogon hutu. A 2025 an ɗauke shi ran 1 ga Maris, a tsakiyar zango na biyu, aka yi ƙaramar salla a ƙarshen watan, babbar salla kuma ta faɗo farkon Yuni cikin zango na uku. Tsarin darussan da aka rubuta a 2012 bai hango wannan ba, kuma ba laifin marubutansa ba ne.

Abin lura a nan shi ne, hutun da gwamnati ke bayarwa na salla kwana biyu ne ko makamancin haka, alhali yara kan fara janye jiki tun goman ƙarshe, wasu kuma a tafi da su Kano ko Bauchi ziyara, sai bayan mako su dawo. A 2025 jihohin Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu saboda azumi, Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya kuma ta nuna rashin amincewa. Ba mu ga wannan mafita ta dace da Jos ba. Garin da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu bisa addini, bai kamata a mai da kalandar makarantunsa abin ja-in-ja ba. Bugu da ƙari, jarrabawar WAEC da ta NECO ba sa jiran kowa.

Sai kuma kalandar sama. Jos tana kan tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200, ruwa yakan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, wato zango na uku duk cikin damina yake. Mutanen Rikkos ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba, wadda ta rushe gidaje ta ci rayuka a nan da Gangare. Ko ba ambaliya, ruwan safe kaɗai ya isa ya cinye darasin farko. A ƙauyuka kuwa wannan ne lokacin shuka da noma, kuma a Bokkos da Mangu haƙar dankalin Turawa na damina tana buƙatar hannun yara. Cikin Disamba da Janairu sanyin hunturu yakan hana ƙananan yara sammako.

Me wannan ke nufi ga darasin Hausa? Darussanmu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ƙa'idojin rubutu, kamar haruffa masu ƙugiya da raba kalmomi da haɗe su, da kuma ginin jimla, tubali ne bisa tubali. Wanda ya rasa mako biyu a nan zai daɗe yana ɗingishi, musamman yaron da Hausa harshensa na biyu ne, yana jin ta a kasuwa da coci amma bai taɓa rubuta ta ba. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana kuwa kowanne cin gashin kansa yake yi, ana iya ɗaukar sa kowane mako.

Saboda haka muna ba da shawarar a daina ɗaure kowane darasi da lambar mako a manhaja. A ware darussa masu ɗorawa kan juna, a bar wa shugaban makaranta da malamin Hausa su sanya su a makonnin da aji ke cika. A farkon kowace shekara su zauna da kalandar ma'aikatar ilimi da ta Hijira, tare da rajistar halartar ɗalibai ta bara, su yi wa raunanan makonni alama. Makon salla ya dace da darasin bukukuwa da insha'i, inda wani zai rubuta yadda aka yi salla a gidansu, wani kuma Kirsimeti ko bikin Nzem Berom. Aikin da ya rage ga jami'an ilimi na ƙaramar hukuma shi ne su amince da wannan sauyi a rubuce, domin kada mai duba makarantu ya tarar da malami yana koyar da karin magana a mako na takwas, ya rubuta cewa ya kauce wa manhaja.