Sauya lambar mai kira

Sauya lambar mai kira dabara ce da ake amfani da ita domin lambar da ta bayyana a fuskar waya ta bambanta da ainihin layin da aka yi kiran da shi. An gina tsoffin hanyoyin sadarwa bisa amana, ba sa tantance lambar da mai kira ya aiko, kuma kira ta intanet ya ƙara sauƙaƙa sauya ta. 'Yan damfara kan yi haka su fito a matsayin ma'aikatan banki, su nemi lambar BVN ko lambar sirri ta katin ATM.

A Najeriya

Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ce ke kula da wannan fanni. A shekarar 2016 ta ƙaddamar da lambar 2442, wadda ake tura wa kalmar STOP domin dakatar da tallace-tallacen da ba a nema ba. Ana kai ƙorafi kyauta ta lambar 622. Sai dai 2442 kamfanonin sadarwa kawai take ɗaurewa, ba ta hana ɗan damfara bugo waya.

A wannan shekarar ce aka ɗaga kuɗin shigo da kiran ƙasashen waje zuwa Naira 24.40 a minti ɗaya. Daga nan wasu suka riƙa lulluɓe irin wannan kira da lambar cikin gida don kauce wa biyan kuɗin, har NCC ta hukunta wasu kamfanoni a 2018. A watan Disamba 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN, matakin da ke taimakawa wajen gano mai layi, amma ba ya tabbatar da lambar da ke fitowa a waya.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai yin sojan gona. Mazauna Doka da sauran unguwannin Kaduna na iya kai ƙara ofishin shiyya na EFCC da ke garin.

A Amurka

Daga 30 ga Yuni 2021 aka wajabta wa manyan kamfanonin Amurka tsarin STIR/SHAKEN, wanda ke sa wa kira hatimin dijital da kamfanin mai karɓa zai tantance.

Kariya

Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Idan kira ya jawo shakku, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a katse, sannan a kira lambar da ke bayan katin ATM.