CIWON KWATANGWALO: A MOTSA ƘAFA KAMIN TA SANDARE

Yanzu da anka gama girbi, ana ta hawa rumbu, ana ɗora dammuna bisa amalanke. A irin wannan lokaci ne ake samun masu faɗuwa. Wani daga bisa rumbu, wani daga raƙumi, wani moto ce ta kayar da shi ranar kasuwa. Tsohuwa kuwa santsin bakin rijiya ma ya ishe ta.

Ku taɓa gehen ƙugunku, inda cinya ta haɗu da jiki. Nan ne kwatangwalo. Ƙashin cinya shina da kai mai kama da ƙwallon goriba. Kan nan shina zaune cikin wani gurbi, shina juyawa kamar taɓarya cikin turmi. Ƙasa da kan akwai ɗan wuya. Wurin wuyan nan ne ƙashin masu shekaru ya hi karyewa, don in mutum ya tsufa ƙashinsa ba shi da ƙwari kamar da.

In mutum ya faɗi ya kasa tsayawa, ku duba ƙafar. In ta gajarce, tahin ƙafar ya kwanta waje, alamar karaya ce. In ta gajarce ta juya ciki, to gocewa ce, kuma ana son a maida ta cikin awa 6. Kada a ja ƙafar, kada a murza. A ɗora shi bisa ƙyaure ko allo mai faɗi, a kai shi likita. A manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, da asibitin Galmi wanda ke aiki tun 1950, ana ɗaukar hoton ƙashi a ga abin da ya faru.

Mun san darajar maɗori a karkara. Amma wannan ƙashi shina can ciki, nama mai kauri ya ruhe shi, karan ɗori ba ya kama shi. Mun sha ganin mutanen da anka ajiye wata 3 cikin ɗaki, sunka tashi da gajerar ƙafa har mutuwarsu.

To, an yi aiki, an sa ƙarhe, an sallamo mutum gida. Nan ne mutanenmu ke kuskure, kuma tausayi ne ke sa su. Sai a ce ma baba: "Kwanta, kada ka motsa." Alhali kwanciya mai tsawo ita kanta cuta ce. Naman cinya shina zubewa cikin ƴan kwanaki. Gaɓa tana sandarewa. Gyambo shina hitowa a ɗuwawu da dunduniya. Majina tana taruwa cikin huhu, jini kuma shina iya daskarewa cikin jijiyar ƙwabri. Shi ya sa likitocin yanzu ke tada mutum zaune, wani lokaci har tsaye, washegarin aiki. Akwai ma'aikaci na musamman mai koyar da motsa jiki, a asibiti ana ce mashi kine. Kamin ku baro asibiti, ku tambaye shi abu guda, ku riƙe amsar: nauyi nawa anka yarda a ɗora ma ƙafar? Wani an yarda shi taka sosai. Wani sai dai shi taɓa ƙasa da yatsu har sati 6.

Motsin farko a kwance ake yin shi. Mai ciwo shi kwanta rigingine, shi riƙa ɗaga tahin ƙafa sama shina maida shi ƙasa, kamar mai taka keken ɗinki. Sau 10 kowace awa in shina farke. Wannan shi ke tura jini. Sannan shi danna bayan gwiwa bisa shimhiɗa, shi ƙirga 5, shi saki. Shi matse ɗuwawu, shi ƙirga 5, shi saki. In wannan ya zauna, shi jawo dunduniya sannu sannu wajen ɗuwawu, gwiwa ta tashi, shi maida. Shi zame ƙafar gehe, shi maido ta. Kowane sau 10, da sahe, da rana, da marece. Wanda ba shi da agogo shi haɗa su da lokutan salla.

In likita ya yarda a tsaya, sai a shiga babban aiki, wato tashi da zama. A nemi kujera mai tsawo, wadda in an zauna gwiwa ba ta wuce ƙugu ba. Kujerar tsakar gida ta mata ta yi gajarta. Mai ciwo shi tashi, shi zauna, sau 5, a riƙa ƙarawa. Shi dafa bango ko dirkar rumfa, shi ɗaga ƙafar gehe, shi sauke. Wannan motsi kamar wasa ne, amma naman gehen ɗuwawu da shike ginawa shi ke hana ɗingishi.

Ga wani abu da kusan kowa ke juyawa: sanda ba hannun wajen ciwo ake riƙe ta ba. In ƙafar dama ke ciwo, sanda ta tahi hannun hagu. Sanda da ƙafa mai ciwo su tahi gaba tare. Wajen hawa dakali, ƙafa mai lahiya ke fara hawa. Wajen sauka, mai ciwo ke fara sauka. A fara tahiya daga ɗaki zuwa zaure, gobe zuwa ƙofar gida, wani sati zuwa masallaci.

Wanda anka sake ma kan ƙashi, anka sa na ƙarhe, shina da ƙarin dokoki na sati 6 zuwa 12, gwargwadon abin da likitansa ya ce. Kada shi harɗe ƙafahu, kada shi tsuguna, kada shi zauna bisa tabarma. A huda ma kujera rami a ɗora bisa salga. Salla kuwa a zaune bisa kujera, malamai sun san addini ya yi sauƙi ga marar lahiya.

Ɗan zahi lokacin motsi ba laihi ba ne, muddin ya kwanta bayan hutawa. Amma in ƙwabri ya kumbura ya yi zahi, ko miki ya yi ruwa, ko jiki ya yi masassara, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya, a koma likita ranar nan. Yaro ko saurayi mai sikila da ke kukan kwatangwalo ba tare da ya faɗi ba, shi ma a kai shi, don cutar tana cin kan ƙashin.

Ƙashi shina son kamar wata 3 kamin shi haɗe, ƙarhi kuwa sai wata 6 ko shekara. A ba mai ciwo wake, nono, ƙuli-ƙuli, zogala da kihi in an samu. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi. Wanda ya faɗi da kaka, in ya dage, shina iya ganin gonarsa da damina. Shekarar farko shi riƙe hauya mai doguwar ƙota wadda ake noma da ita a tsaye, shi bar ma yara aikin duƙe da ɗaukar dami.