Hakkin Ƙaramin Kare a Kan Mai Shi

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san kare da aiki uku: farauta, da gadin gida, da bin garken makiyayi. Amma a 'yan shekarun nan wani irin kare ya shigo manyan garuruwanmu, musamman gidajen ma'aikata. Ɗan ƙarami ne, da kyar ya ɗara kyanwa, ba ya farauta, gadinsa kuwa bai wuce haushi ba. Yawancinsu ruwa biyu ne, watau an haɗa irin ƙasashen waje, kamar mai dogon gashin nan da ake kira Lhasa wanda asalinsa Tibet ne, da wani iri dabam. Ana ajiye shi ne don ya ɗebe kewa, ya yi wasa da yara. Tun da yake cikin yara zai zauna, mu da tarbiyyar yara ke hannunmu ya wajaba mu ce wani abu a kansa.

Hukuncin ajiye kare a cikin gida fagen malaman fiƙihu ne, kowa ya tambaye su kafin ya saya. Sananne ne dai a mazhabar Malikiyya ana wanke ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki sau 7. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta da lafiyarta duk suna wuyansa. Kowa ya sayi rariya ya san ta zubar da ruwa. Irin wannan kare yakan yi shekara 12 har zuwa 15 a duniya. Ke nan yaron da aka saya wa kwikwiyo ran da ya shiga aji ɗaya na firamare, sai ya gama sakandare karen na nan yana bukatar kulawa.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. Yana ƙarami a ba shi abinci sau 3 ko 4 a yini, in ya kai wata 6 a mai da shi sau 2. Sauran tuwo kaɗai ba ya riƙe shi, sai an haɗa da dafaffen nama ko kifi ko ƙwai. Amma fa a lura da miya, gama albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Goro da cakulan da inabi guba ne a gare shi, kuma ƙanƙantar jikinsa ta sa kaɗan ma ya isa ya kayar da shi. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake yi, ya soke hanji.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka mai dogon gashi yana shan wuya ƙwarai da bazara. A ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa dare da rana, a riƙa taje gashin, a rage shi in zafi ya yi tsanani, kada kuma a bar shi cikin mota a rufe. A duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska da ƙuma. Kada a shafa masa kananzir ko baƙin mai ko maganin ƙwarin gona, kada kuma a ba shi maganin mutane, sai abin da likitan dabbobi ya rubuta. A ba shi maganin tsutsar ciki duk wata 3, a kwashe kashinsa daga tsakar gida, domin tsutsar tana kama yaran da ke wasa da ƙasa.

Waɗansu sukan ce ai ruwa biyu ƙarfi gare shi, ba ya bukatar allura. Wannan magana ita ce mai kisa. Haukan kare ba ruwansa da iri ko girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suka samu, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙaramin kare shi yara suka fi runguma, bakinsa kusa da fuskarsu. In ya yi ɗan cizo ko yaƙushi sai yaro ya ɓoye don tsoron faɗa. Raunin ya warke, a manta, bayan wata 2 ko 3 sai zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa su bayyana. Da zarar an kai nan, da wuya a tashi.

Alhali kuwa maganin abin ya daɗe da samuwa. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. A nan gida ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana takardar shaida. Masana sun tabbatar in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa.

In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya ga toka ko ganye. Karen kuwa a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, amma kada a jinkirta allurar mutum don jiran wannan.

Muna roƙon malaman makaranta su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya, musamman ran 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe tun 2007 don yaƙi da ciwon. A koya wa yara kada su taɓa kare yana ci ko yana barci, su kuma faɗi kowane cizo komai ƙanƙantarsa, ba tare da an doke su ba. Akawuna kuwa su duba takardar allurar nasu tun yau, su tuna wa maƙwabta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya tsare mana zuriya, amin.