Yadda Ake Magance Kakkaryewar Layuka A Wasiƙar Imel

Sau da yawa wasiƙar imel kan iso da layukanta a kakkarye, wani dogo wani guntu, har adadin kuɗi ya rabu da sunan ƙauyen da aka ware wa. Dalili kuwa shi ne, manhajar mai aikawa tana yanke layi, ta mai karɓa kuma ta sake yanke shi. Alamar > da ake ƙarawa a kowace amsa tana daɗa tsawaita layin.

Ƙa'idar imel ta shekarar 2008 ta ba da shawarar kada layi ya wuce haruffa 78. Saboda haka, a saita manhaja a kan haruffa 72, kuma kada a danna Enter sai a ƙarshen sakin layi. Jadawalin kuɗi kuwa, a maƙala shi daban.