Yadda Ake Auna Ƙara da Natsuwa a Filayen Gari

  'Yan uwa, ɗalibanmu sun tambaye mu: shin hayaniya abu ce da ake aunawa kamar hatsi a mudu, ko kuwa kowa da kunnensa? Amsa ita ce ana aunawa, kuma duk wanda ke zaune a Nima ko Mamobi ya kamata ya san ma'aunin.

Sunan ma'aunin desibel. Raɗa tana wajen 30, hirar mutum biyu wajen 60, babban titi lokacin cunkoso yakan kai 80 ko fiye. Amma lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne. In an ƙara 3, ƙarfin sautin ya ninka. In an ƙara 10, kunne yakan ji kamar ƙarar ta ninka. Don haka janareta biyu masu 70 kowanne, in an kunna su tare, 73 za su ba da, ba 140 ba. Wannan kan rikita ɗalibai, mu ma ya rikita mu da farko.

A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan hayaniyar cikin al'umma. Ta ce a wajen gida da rana, in matsakaicin ƙara ya wuce 55, mutane na takura sosai. Ajin karatu kuwa kada ya wuce 35, ɗakin barci da dare 30. A nan Gana, ƙa'idar unguwar zama ita ce 55 da rana, 48 da dare. To ku duba allon yaro a makarantar da ke bakin titi. Malami yana bambanta masa sin da sad, ko ha mai ruwa da ha ƙarami, alhali trotro na busa ham. Yaron ba dakiki ba ne, bai ji ba ne.

Sai dai ƙarancin ƙara ba shi kaɗai ne natsuwa ba, kuma nan ne maganar ta fi daɗi. Masu bincike a Jami'ar Bradford ta Ingila, cikinsu har da Farfesa Greg Watts, sun ƙirƙiro hanyar ba wa wuri maki daga 0 zuwa 10. Abu biyu suke haɗawa: yawan ƙarar ɗan Adam da injinansa, da kuma kason abin da ido ke gani wanda yake bishiya ne, ko ciyawa, ko ruwa, ko tsohon gini mai kwarjini. Shara a wuri tana rage makin. Wato ido yana taya kunne hukunci. Shi ya sa mutum zai shiga lambun Aburi ko dajin Achimota ya ji zuciyarsa ta kwanta, ko da tsuntsaye na ta kuka. Na'ura ba ta bambanta kukan tsuntsu da na babur, amma rai yana bambantawa. A birnin Niyok akwai ɗan ƙaramin fili, Paley Park, wanda aka buɗe a 1967. An gina masa bangon da ruwa ke kwarara a kai, ƙarar ruwan tana rufe ta motoci. Wurin ba shiru, amma mutane na zuwa hutawa.

Wasu na zaton jerin bishiya ɗaya zai tare ƙara. A gaskiya ɗan kaɗan yake ragewa, sai in kurmi ne mai faɗi da kauri. Katanga ko tudun ƙasa sun fi shi aiki, nisa kuma ya fi kowa. In ka ninka tazararka daga lasifika ɗaya, ƙara na raguwa da wajen 6. Daga dogon titi kuwa wajen 3 kawai.

Tun da mun ambaci lasifika, kada mu tsallake kanmu. Kiran sallah minti kaɗan ne, ba shi muke nufi ba. Amma wa'azin biki da ake kaiwa tsakar dare, an juya bakin lasifika ga tagar mara lafiya, wannan namu ne mu gyara. Maƙwabtanmu Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, kuma wanda ya zauna Akra ya san yadda gari ke sauyawa a lokacin.

Ga aikin da muka ba 'yan aji na sama. Ku sauke manhajar auna ƙara a waya. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidai ba, amma in waya ɗaya kuka riƙe, za ta nuna muku bambancin wuri da wuri. Ku tsaya a harabar masallaci, da filin ƙwallo, da bakin titi. Ku riƙe wayar daidai ƙirji, nesa da bango, ku kāre ta daga iska, ku yi shiru na minti goma. Ku rubuta matsakaicin adadin bayan Asuba, bayan La'asar da bayan Isha'i, tare da abin da kuka ji da abin da kuka gani. Ku kawo takardun ranar Asabar, za mu duba inda ya fi dacewa a mayar da darasin hadda, in sha Allah.